Ciwo mai ɗorewa da magungunan dangin ofiyom: Abin da ya kamata jama'ar Masarautar Yauri su sani

Najeriya na fama da matsaloli biyu a kan rukunin magani guda. A kasuwanni da tashoshin mota, ƙwayar tiramadol mai ƙarfin da doka ta haramta tana samuwa ba tare da wahala ba. A asibitoci kuwa, mai cutar daji ko mai sikila kan kwana yana kururuwa saboda babu mofin, maganin da likitoci a duk duniya suka amince shi ne kan gaba wajen kashe zafin ciwo mai tsanani. Duka matsalolin biyu sun shafi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, inda abincin mafi yawan gidaje ya dogara da ƙarfin jikin masunci da manomi da ɗan dako.

Mene ne ciwo mai ɗorewa?

Kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 da ya fara aiki a watan Janairun 2022, ya bayyana ciwo mai ɗorewa da cewa shi ne wanda ya wuce wata 3 yana ci, ko yake tafiya yana dawowa tsawon wannan lokaci. Zafin sabon rauni gargaɗi ne, kuma yakan lafa idan raunin ya warke. Amma idan ciwo ya daɗe, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa sukan zama masu saurin harzuƙa, har mutum ya ci gaba da jin raɗaɗi bayan naman ya haɗe.

Likitoci sukan bambance iri uku. Akwai na lalacewar nama ko ƙashi ko gaɓa, kamar amosanin gwiwa. Akwai na lahanin jijiya, wanda ke zuwa da ƙuna ko tsira ko ji kamar wutar lantarki, irin na masu ciwon suga da kuturta da cutar ƙanjamau. Akwai kuma wanda tsarin jin zafin ne kansa ya rikice. Sanin irin ciwon shi ke nuna maganin, domin abin da ke yi wa gwiwa aiki ba lallai ya taɓa ciwon jijiya ba.

Inda ciwon ke fitowa a gaɓar tafkin Kainji

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ta haifar ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 1,200, aka kuma sake wa kimanin mutum 44,000 matsuguni, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai. Tun daga lokacin, rayuwar Yelwa da Wara da Shanga da ƙauyukan bakin ruwa ta tsaya a kan su, da noman shinkafa da albasa, da jigilar kaya a jiragen ruwa, sai kuma haƙar zinare da ta jawo matasa da yawa. Jan taru, tuƙin kwalekwale, sunkuyo a fadama da ɗaukar buhu duk ayyuka ne da ke cin baya da kafaɗa da gwiwa. Ciwon ƙugu shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane aiki. An ƙiyasta mutum miliyan 619 ne suka yi fama da shi a 2020.

Bayan wahalar aiki akwai cututtuka. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda ake haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara. Tsargiya, wadda ake kamuwa da ita ta hanyar shiga ruwan tafki da kogi, kan janyo cutar dajin mafitsara idan ta shekara da shekaru ba a magance ta ba. Ga dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, waɗanda akasari ba a kai su asibiti sai sun yi nisa. Ga kuma karayar da hatsarin mota ko babur ke bari a kan hanyar Kontagora zuwa Yauri zuwa Koko, da raunin harbi a garuruwan da 'yan bindiga suka addaba.

Alamomin da ba a rufe su da ƙwaya

Ba kowane ciwon baya ne gajiya ba. Idan ya zo tare da rama, zazzaɓi ko zufan dare, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko fitsarin jini, ko ƙullutu a mama, ko zubar jini ga macen da ta daina al'ada, to gwaji ake buƙata da gaggawa. Tarin fuka na iya kama ƙashin baya, kuma yana warkewa idan an gano shi da wuri. Wanda ya yi wata shida yana danne irin wannan ciwo da tiramadol ya ba cutar lokaci ne kawai.

Su wane ne dangin ofiyom?

Ofiyom ƙaro ne da ake tatsa daga wani fure, kuma daga cikinsa ake fitar da mofin da kodin. Sauran, irin su tiramadol da fentazosin da fetidin da tafentadol, a masana'anta ake haɗa su, amma aikinsu a jiki iri ɗaya ne: suna kama wasu gurabe a ƙwaƙwalwa da laka, su rage saƙon zafi. Waɗannan gurabe su ne kuma ke da hannu a numfashi da motsin hanji da jin nishaɗi. Daga nan ne amfaninsu da haɗarinsu suka fito.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin matakai uku domin ciwon cutar daji. Mataki na farko farasitamol ne da dangin ibufurofen. Na biyu, masu matsakaicin ƙarfi kamar kodin da tiramadol. Na uku, masu ƙarfi kamar mofin. Ƙa'idar ita ce a ba da magani ta baki muddin zai yiwu, a kan lokaci ba sai ciwo ya tashi ba, gwargwadon buƙatar kowane majiyyaci. Mofin yana cikin jerin muhimman magunguna na hukumar tun 1977.

Inda suke da amfani, da inda ba su da shi

Amfaninsu a bayyane yake a ciwon cutar daji, da jinyar ƙarshen rayuwa, da bayan tiyata ko mummunan rauni na 'yan kwanaki, da lokacin da sikila ta tashi. Ƙa'idojin jinyar sikila a Ingila da Amurka sun ce a ba majiyyaci maganin ciwo cikin minti 30 zuwa 60 da isowarsa asibiti. Barin mai sikila yana birgima saboda zargin cewa ƙwaya yake nema gazawa ce ta asibiti.

A ciwon baya da amosanin gaɓoɓi kuwa labarin ya bambanta. Wani bincike da aka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2018 ya bi majiyyata 240 masu ciwon baya ko gwiwa ko ƙugu tsawon shekara guda. Waɗanda aka ba dangin ofiyom ba su fi sauran samun sauƙin gudanar da harkokinsu ba, illolin magani kuma sun fi yawa a wurinsu. A watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a yi amfani da su a ciwon ƙugu mai ɗorewa wanda ba wata cuta ce ta haddasa shi ba. Abin da ta fifita shi ne wayar da kan majiyyaci, motsa jiki bisa tsari, gashin ƙashi da tausa, kula da damuwa, da magungunan rage kumburi na ɗan lokaci. Ciwon jijiya kuwa ya fi jin amitiriftilin ko gabafentin, bisa rubutun likita.

Magungunan da ake ganin masu sauƙi ma suna da iyaka. Babban mutum ba ya wuce giram 4 na farasitamol a yini, domin fiye da haka na lalata hanta. Dikulofenak da ibufurofen da Feldene, idan aka daɗe ana sha, suna jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda da hauhawar jini. Haɗin ƙwayoyi barkatai da ake ƙullawa a leda a sayar wa masu ciwon jiki ya fi haɗari, domin sau da yawa ana tara biyu ko uku daga dangi ɗaya.

Ƙa'idojin ba da su a asibiti

Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan magungunan da ke ƙarƙashin tsaro a 2017, sannan ta fitar da jagoran kula da ciwo a 2018. Abin da waɗannan takardu da makamantansu na wasu ƙasashe suka haɗu a kai shi ne:

1. A auna ciwon a rubuta, ta hanyar tambayar majiyyaci ya ba shi maki daga 0 zuwa 10, a kuma tambayi abin da ya hana shi yi: barci, sallah a tsaye, shiga jirgi, zuwa gona.

2. A amince kan buri tun farko. Idan makonni suka wuce ba a ga ci gaba a aikin yau da kullum ba, a sake shawara maimakon a yi ta ƙara ƙwaya.

3. A tambayi tarihin shaye-shaye, farfaɗiya, ciwon ƙoda ko hanta, asma, juna biyu da shayarwa.

4. A fara da mafi ƙarancin abin da zai yi aiki, da irin da ke saurin fita daga jiki. Ruwan mofin na sha kowane awa 4 ake ba da shi. Tiramadol ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babba mai lafiyar ƙoda, tsofaffi kuma ƙasa da haka.

5. Likita ɗaya ke rubutawa, kantin magani ɗaya ke bayarwa, ana kuma shigar da kowace ƙwaya da kwalba a littafin rajista.

6. Ba a haɗa su da giya, Valium, Rohypnol, ko wani maganin sa barci, domin haɗin na tsayar da numfashi. Tiramadol tare da wasu magungunan damuwa na iya jawo jijjiga da zazzaɓi mai tsanani. Rifamfisin da ake sha don tarin fuka yana rage ƙarfin mofin, don haka dole likita ya sani.

7. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 kodin ko tiramadol, ba a kuma so mai shayarwa ta sha su.

8. A ba da maganin sassauta bayan gida tun ranar farko. Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan lafa cikin 'yan kwanaki, amma taurin bayan gida ba ya tafiya da kansa.

9. A kulle maganin inda yara da baƙi ba za su kai gare shi ba, ba a sammaka wa maƙwabci, abin da ya rage kuma a mayar wa asibiti.

10. Ba a yanke shi rana ɗaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce wanda ya shekara yana sha, a riƙa rage masa kimanin kashi 10 cikin 100 a wata.

Allurar fentazosin na buƙatar kulawa ta musamman. Ita ce ta fi samuwa a asibitocin Najeriya da yawa, shi ya sa ake yawan yi wa masu sikila. Likitoci a ƙasar nan sun rubuta rahotanni da dama kan majiyyatan da suka koma yi wa kansu a gida, har cinyoyinsu da damatsansu suka sandare, gyambo ya ƙi warkewa. Fetidin ma ba a so a maimaita wa mai sikila, domin ragowarsa na taruwa a jiki ta jawo farfaɗiya. Abin da ke rage yawan tashin cutar shi ne haidiroksiyuriya, da shan ruwa sosai, da kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

Sabo, dogaro da jaraba

Abubuwa uku ne da ake cakuɗawa. Sabo shi ne jiki ya daina jin adadin da ya saba ji. Dogaro shi ne jiki ya shiga hali idan an tsayar da magani farat ɗaya: hamma, majina, gumi, zawo, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Waɗannan biyun kan faru ga duk wanda ya daɗe yana sha, ko da bisa umarnin likita ne. Jaraba kuwa cuta ce ta daban, inda mutum ke ƙwallafa rai a kan ƙwaya, ya kasa tsayawa duk da ya ga tana rusa masa lafiya da iyali da sana'a. Tsohuwar da ke shan ruwan mofin saboda dajin mama ba 'yar maye ba ce, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da bambance magani don larura da neman gusar da hankali. Mai jarabar ma majiyyaci ne. Ɗaure shi da mari ba ya cire cutar. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato na karɓar irin waɗannan, hukumar NDLEA kuma tana da layin neman taimako kyauta, 0800 1020 3040.

Idan magani ya yi yawa

Alamomi uku ne: mutum ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashinsa ya ragu ƙwarai ko ya koma minshari mai nauyi, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura. Leɓɓa da farce na iya yin duhu. Tiramadol mai yawa kuma kan kawo farfaɗiya. A kwantar da shi ta gefe, a buɗe masa hanyar numfashi, a hura masa iska idan ya daina, a garzaya asibiti. Ba a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, domin suna iya faɗawa huhu. Makarin shi ne allurar naloksun, wadda ke dawo da numfashi cikin mintuna, amma ƙarfinta kan ƙare kafin na ƙwayar, don haka dole a ci gaba da sa ido a asibiti. Ga masunci akwai ƙarin haɗari: farfaɗiya ko gyangyaɗi a tsakiyar tafki nutsewa ce.

Ambaliya a kasuwa

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 4.6 sun sha dangin ofiyom ba bisa umarnin likita ba, akasari tiramadol, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari don maye. A jihar Kebbi an ƙiyasta kashi 12.6 cikin 100, wato kimanin mutum 286,000.

Hukumar NAFDAC ta amince da tiramadol mai miligiram 50 da 100 ne kawai. Masu lamba 120 da 200 da 225 da 250 duk haramtattu ne, kuma biyu daga mai 225 sun riga sun haura iyakar yini guda. A ranar 1 ga Mayun 2018, kwana ɗaya bayan rahoton binciken BBC, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A shekarar ce kuma Indiya ta tsaurara dokar fitar da tiramadol. Masu fataucin sai suka sauya kaya: a Fabrairun 2025 BBC ta bankaɗo yadda kamfanin Aveo na birnin Mumbai ke turo Afirka ta Yamma haɗin tafentadol da karisofurodol da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal-225, haɗin da babu ƙasar da ta amince da shi, abin da ya sa Indiya ta haramta shi. Masu ƙananan kemis ba su da izinin sayar da ko ɗaya daga dangin ofiyom. Majalisar Masana Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ce ke da alhakin sa musu ido.

Fari a asibiti

Kwamitin da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa daga tan 298.5 na dangin mofin da ake rarrabawa a duniya duk shekara, tan 0.1 ne kacal ke isa ƙasashe matalauta. A lokacin, Najeriya na samun abin da bai kai miligiram 1 ba ga kowane majiyyaci mai buƙata, wato kashi 0.2 cikin 100 na buƙatarta. Dalilan sun haɗa da tsoron doka, ƙarancin horo, da tsarin da ya daɗe yana tilasta wa asibitoci karɓo kasonsu daga babban ma'ajin magunguna na tarayya a Oshodi, Legas. Daga 2012 ma'aikatar lafiya ta haɗa gwiwa da ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta Amurka domin shigo da garin mofin a dama shi a gida, amma manyan asibitocin koyarwa ne suka fi amfana. Daga Yelwa zuwa Birnin Kebbi kusan kilomita 200 ne, Sakkwato mai na'urar gashin cutar daji kuma ta fi nisa. Ga mazaunin tsibiri ko ƙauyen Ngaski, kafin a hau mota sai an biya kuɗin jirgi.

Ƙasashe biyu sun bar darasi. Amurka ta saki rubuta waɗannan magunguna bayan fitowar OxyContin a 1996, har mace-macen da suka shafi dangin ofiyom suka haura 80,000 a 2021. Yuganda kuwa, bayan Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar jinyar masu ciwon ajali a 1993, ta rungumi ruwan mofin mai araha, a 2004 kuma ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman izinin rubuta shi, ya isa ƙauyukan da babu likita.

Tambayoyin da za a yi wa masu mulki

Samar da waɗannan magunguna don jinya yana cikin ginshiƙai huɗu na babban tsarin ƙasa kan miyagun ƙwayoyi na 2021 zuwa 2025, kafaɗa da kafaɗa da kame da rage shaye-shaye. Saboda haka matasan Yauri da Ngaski da Shanga na da hurumin tambayar shugabannin ƙananan hukumominsu da wakilansu a majalisar dokokin Kebbi: Shin babban asibitin Yauri da na Wara suna da ruwan mofin da naloksun, da masanin harhaɗa magunguna mai riƙe rajista? Ma'aikata nawa aka horar kan kula da ciwo? Akwai sashen gashin ƙashi da asibitin masu sikila a masarautar? Shin inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, na biyan kuɗin waɗannan? Yaushe aka yi rabon maganin tsargiya na ƙarshe a makarantun bakin ruwa? Kemis nawa aka bincika a bana, me aka samu?

Kame kaɗai ba zai rufe kasuwar ba muddin ɗan dakon da bayansa ke ciwo ba shi da wurin zuwa sai teburin mai ƙwaya. Amsoshin waɗannan tambayoyi suna cikin kasafin kuɗi da littattafan asibiti, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta buɗe wa ɗan ƙasa ƙofar neman su a rubuce.